Ƙafar Luba Cikin Farar Ƙasa

Lahadi, farkon watan Safar, da hantsi

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Takardun nan ragowar na marigayi mijina Malam ne, suna cikin gafaka har gara ta fara cin gefensu. Ba littafi nake yi ba. Abin da ba ni da wanda zan faɗa wa nake ajiyewa.

Luba jikata ce, shekararta shida ko kusa da haka. Ƙafarta ta dama ta karye a ƙwauri tun kafin ruwan farko, ranar da aka ɗaga ta bakin rumbu don ta shiga ta miƙo gero. Ubanta ne ya ɗaga ta. Ɗan farina ne, ba na kama sunansa da baki, ba kuma zan kama da alƙalami ba. Iyakar abin da zan ce game da ranar ke nan.

Malam Gwadabe maɗori ya ɗora ta da kara da tsumma. Ƙashi ya kama, amma a karkace. In ta tsaya, yatsun gefe suke kallo. Tana jan ƙafar. Yara sun fara kwaikwayon tafiyarta a hanyar rijiya, ita ma tana taya su dariya, wannan ne ya fi ci mini rai.

Jiya aka yi shela likita Bature zai sauka barikin Dutse, a kai yara masu ciwon ƙafa da na baya. Zuwaira, uwar Luba, ta durƙusa gabana ta ce, "Inna, ke ki yi masa magana. Ni in na fara sai ya ɗauki fartanya ya fita."

Na yi masa. Ya ce, "Inna, yanke ƙafa fa suke yi."

Na ce wa ya gani da idonsa?

Ya ce haka ake faɗa a kasuwar Jahun.

Na ce yarinya mace ce, wata rana tulu za ta ɗauka, goyo za ta yi. Ya ce, "Yadda kika ce, Inna."

Laraba, bayan la'asar, a Dutse

Mun sauka gidan wata 'yar'uwar Malam, ƙarƙashin duwatsu. Bari in rubuta tun ban manta ba.

Tun da sassafe muka tarar da mutane a gindin tsamiyar bariki. Ban san akwai yara masu irin wannan lalura da yawa haka a ƙasar nan ba. Masu shan-inna, masu ƙusumbi, wani da ake ɗauke da shi cikin kwando. Kusa da mu wata mata ce daga wajen Haɗeja, Kellu, zaninta na ƙamshin bandar kifi. 'Yarta an haife ta da tafin ƙafa biyu a lanƙwashe ciki. Ta kalli yatsuna ta ga baƙin tawada, ta ce, "A'a, har da su Modibbo a layin Nasara? To mu jahilai mun sami hujja." Na ce ciwo bai san allo ba. Ta ce, "Ni ko ɗaya ya miƙe mata na gode. Ɗayar mijinta ya ƙarasa, ai ba a ba mutum mata a gyare duka."

Luba ta ja mayafina. "Kaka, Baturen nan ƙonewa ya yi?"

"Yi shiru."

"To me ya sa ya yi ja?"

Mai fassara masa Malam Uwaisu ne, malamin asibiti, Bakano, mai sanyin magana. Likita ya durƙusa a ƙasa, abin da ban zata ba, ya bi ƙwaurin da babban yatsa, ya juya tafin, ya sa ta taka zuwa bakin ƙofa ta dawo. Ya yi magana. Malam Uwaisu ya ce, "Ya ce sai an sake karyawa a miƙe ta."

Uban Luba ya miƙe tsaye. "A karya abin da ya riga ya warke?"

"Bai warke ba, ɗan'uwa. Ciwo ya daina."

Uban Luba ya juyo ya kalle ni. Zuwaira ma ni take kallo. Ni na gyaɗa kai. A rubuta haka, ni ce.

Suka ɗora wa Luba ƙyalle a hanci suka ɗiga wani magani, Malam Uwaisu ya ce ta faɗa masa sunayen awakin gidansu. Ba ta gama ba jikinta ya saki kamar wadda rai ya bari. Zuwaira ta fita da gudu. Ni na tsaya. Na ji ƙarar. Ba zan sake rubuta wannan ba.

Daga nan suka riƙa tsoma dogayen ƙyallaye cikin wata farar ƙasa da aka dama, suna naɗewa tun daga yatsu har cinya. Kafin azahar ta daskare, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar tukunya. Matan gindin tsamiya gini suke ce masa.

Malam Uwaisu ya ce, "Modibbo, ke ce babba, ke zan gaya wa. Abu biyu ne. Kada ta taka. Kada ruwa ya taɓa ginin nan, ko ɗigo. In ya jiƙe ya lalace, abin da ke ciki ma ya lalace. Likita zai zaga ta gabas, in watan Mauludi ya raba ku dawo."

Na maimaita masa. Ya ce ko ɗalibai ba su riƙe haka.

Asabar, bayan azahar

Mun dawo gida. Na mayar da Luba ɗakina, shi ne mai sabuwar jinka. Na ba ta gadon, na koma tabarma. An ɗauke randa daga ɗakin. Wanka da tsumma ake goge ta, ginin kuma a rufe da buzun Malam. Ko fura za ta sha sai na shimfiɗa zani a cinyarta.

Ta ce, "Kaka, kin zama baiwata ke nan."

Na ce bakinki ne ba a yi wa gini ba, da shi ya kamata a fara.

Ruwa bai taɓa shi ba.

Litinin, kafin magariba

An yi ruwa mai ƙarfi. Na zauna da ƙwarya a hannu ina duban jinka. Babu ɗigo.

Alhamis, da hantsi

Malam Gwadabe ya zo dubiya da ɗan dabino a 'yar jakar fata. Ban ga ƙyashi a fuskarsa ba, kada in ɗauki alhakinsa. Ya ƙwanƙwasa ginin ya ce, "Sannu Luba, an yi miki soro. Saura ƙofa da taga." Ta yi dariya har da tari.

Da zai fita ya rage murya. "Modibbo, ni aikina ya ɓaci, na yarda. Amma ƙashi yana son hannu. Kullum sai an shafa, an tofa. Wannan da aka toshe ko'ina, ta ina albarka za ta shiga?"

Maganar ta bi ni har wurin salla.

Jumma'a, bayan azahar

Tun jiya take kukan ƙaiƙayi. Ta zura kara ta saman ginin, na ƙwace. Ta zura tsinken tsintsiya, na ƙwace. Ta ce, "Tururuwa ce a ciki, Kaka, wallahi tana tafiya."

Na rubuta mata ayoyin waraka a allo, na wanke cikin ƙoƙo. Yadda marigayi Malam ya koya mini, kuma yadda na yi wa yaran garin nan shekara da shekaru, rabi a sha, rabi a shafa inda ke ciwo. Ta sha nata rabin. Na tsaya da sauran a hannu, wurin shafawa babu.

Akwai ɗan sarari tsakanin ginin da cinyarta, yatsa na shiga. Na sa Zuwaira ta tallafe ta zaune, ƙafar ta gangara, na ɗauki ƙaramin ludayi na zuba a hankali.

Zuwaira ta ce, "Inna, ba komai?"

Na ce ai ba wanka ba ne. Magani ne.

Luba ta lumshe ido ta ce, "Wayyo daɗi. Ya kai har diddige. Tururuwar ta mutu." Ta yi barcin da ba ta yi ba tun dawowarmu. Na gode wa Allah da ya nuna mini ƙofa.

Lahadi, bayan asuba

Na yi mata rubutu. Ta sha, na zuba. Ruwan sama bai taɓa shi ba.

Laraba, bayan asuba

Haka.

Asabar, da hantsi

Yanzu ita take tashina. "Tsohuwa mai baƙin yatsa, ina sanyina?" Ubanta ya fara shigowa ɗakin, abin da ya daina tun ranar rumbu. Jiya ya sassaƙa mata 'yar tsana da karan dawa, ya zauna bakin gado suna gardama a kan sunanta. Geron gonar gabas ya kai gwiwa, an gama noman farko. Na ji Zuwaira na waƙa wajen daka.

Na rubuta wannan don in tuna an yi irin wannan rana.

Talata, an ga watan Mauludi, bayan la'asar

Akwai wani wari a ɗakin. Na ɗaga gado ko ɓera ne ya mutu. Babu.

Alhamis, bayan azahar

Daga ginin yake fitowa. Zuwaira ta ce ƙafar da ba a wanke ba dole ta yi wari, na ce haka ne. Ta kunna turare.

Wajen diddige ya yi laushi, in na danna yana lotsawa. Ya kuma canja launi, ya yi toka-toka. Na tambayi kowa a gidan ko wani ya zubar da abu kusa da gadon. Kowa ya rantse. Ni ma na bincika kaina, alwala ma a waje nake yi, sai hannuna ya bushe nake shiga.

Ruwa bai taɓa shi ba.

Asabar, bayan asuba

Jikinta da zafi. Ta ce ba ƙaiƙayi ba ne yanzu, wuta ce. Na ƙara rubutun, safe da yamma.

Litinin

Ba ta ci ba.

Talata, kafin magariba

Ƙudaje. Ina zaune da mafici tun hantsi, hannu ya gaji in sauya.

Ubanta ya shigo da wuƙar fawa ya ce zai fasa ginin, a kira Malam Gwadabe. Idonsa ja. Ya ce, "Sun rufe mini 'ya da ranta a cikin kabari, Inna, kina gani."

Na tare shi. Na ce an ba mu amana, an ce kada a taɓa sai likita, kwana kaɗan ya rage. Na ce duk abin da aka ce mu yi mun yi, ba mu kauce ko da kaɗan ba. Ya ajiye wuƙar a bakin ƙofa ya fita. Har yanzu tana nan, ba wanda ya ɗauke.

Da na zuba mata na yamma ta yi ƙara. Da ba ta yi.

Alhamis, bayan asuba

Tana kiran awaki cikin barci. Yatsun da ke leƙowa sun kumbura, biyu sun yi duhu.

An ce likita ya sauka. Gobe.

Asabar, da hantsi, a Dutse

Jiya ne. Jiya ban iya riƙe alƙalami ba.

Kellu na gindin tsamiya, an cire wa 'yarta nata ginin, tafin ƙafar sun fara kallon ƙasa. Ta hango mu ta taso tana tafa hannu, "Modibbo, zo ki ga abin mamaki, mijin nan ya huta!" Da ta matso ta ji warin sai ta tsaya. Ita ta buɗa mana hanya, tana ture mutane tana cewa ku bari su wuce.

Malam Uwaisu ya ɗauko babban almakashi, amma ginin bai buƙace shi sosai ba. Daga gwiwa zuwa ƙasa da hannu ya ɓare shi, kamar jiƙaƙƙen bango.

Cikinsa baƙi ne. Daga bakin cinya baƙin ya faro, siriri, ya bi bayan gwiwa, ya bi ƙwauri, ya je ya taru a diddige. Fatar ma ta rine. Abin da ke diddigen ba zan siffanta ba. Ƙashin da aka miƙe ya goce.

Likita ya ɗaga murya. Ba na jin harshensa, amma na ji tambaya ce, yana nuna baƙin yana maimaitawa.

Malam Uwaisu ya dangwali wurin, ya murza tsakanin yatsu biyu. Ya ga yana danƙo. Ya kai hanci. Duk wanda ya taɓa zama gaban allo ya san ƙamshin ƙaron da ake haɗa tawada da shi. Bai kalli fuskata ba, hannuna ya kalla. Na mayar da shi cikin mayafi.

Ya yi wa likita magana gajeriya. Sannan ya juyo ya ce da ƙarfi, yadda na waje za su ji, "Na gaya masa ɗakin da take kwana yana yoyo. Ruwan jinka ne ya biyo da kunkunniya, baƙin hayaƙin nan."

Uban Luba ya ce, "Ɗakin Inna? Ni na yi jinkar nan da hannuna, bana da rani."

"To ba ka yi ta daidai ba."

Likita ya juya kan uban Luba ya yi ta faɗa, Malam Uwaisu na fassara rabi yana haɗiye rabi. Wai wane irin uba ne. Wai an gaya muku abu ɗaya tak. Shi kuwa yana tsaye, hula a hannu, yana cewa, "Na ji. Na ji. A yi haƙuri." Gaban matan ƙasar nan duka.

Zuwaira ta kalle ni sau ɗaya. Ba ta sake ba.

An ce sai birnin Kano, a motar likita, a ranar nan take. Uwa da uba kawai, babu wuri. Da aka ɗauke ta ta buɗe ido ta ce, "Kaka ba ta zuwa?" Na ce ina nan tafe. Allah ya yafe mini wannan ma.

Litinin, bayan la'asar

Na dawo tare da masu jakuna. Gidan shiru. Na ba awaki ruwa.

Talata, bayan asuba

Malam Uwaisu ya faɗa mini. Ko ɗigo, ya ce. Na maimaita masa da bakina.

Laraba, da hantsi

'Yan matan da ke zuwa karatu sun zo da allunansu. Na ce su koma sai na neme su. Ƙaramar cikinsu ta ce, "Modibbo, tawadarki ta bushe, in haɗa miki?" Na ce ta bar ta.

Na yi tunani, tawada ma ai da baƙin hayaƙi ake yin ta, ke nan Malam Uwaisu bai yi ƙarya duka ba. Na ji kunyar wannan tunani. Ayoyin ba su da laifi. Allah ya saukar da su waraka, bai ce a zuba su inda aka hana ba.

Jumma'a, bayan azahar

Mata sun zo jaje. Labarin ya riga ni isowa. Kowace ta shigo sai ta ɗaga kai ta dubi jinka.

Hassana maƙwabciyarmu ta ce, "Ke dai Modibbo kin yi iyakar yinki, kowa shaida ne, ko randa kin fitar. Shi ne dai Allah ya yi shi da garaje. Na farko rumbu, yanzu jinka. Yaro ɗaya, hannu ɗaya."

Sauran suka ce wallahi kuwa.

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, ku sha fura kafin ta tsinke.

Lahadi

An yi ruwa. Ɗakin a bushe.

Laraba

Babu labari.

Asabar

Babu labari. Na yi azumi.

Talata, watan Mauludi ya ƙare, bayan la'asar

Uban Luba ya dawo shi kaɗai, a ƙasa, ƙafafunsa duk taɓo. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi awaki, ya tambayi gona. Na kasa tambaya. Sai da ya sha ruwa ya ce, "Tana da rai, Inna. Zazzaɓin ya sauka."

Na ce alhamdu lillahi.

Ya ce, "Daga ƙasan gwiwa."

Ya nuna a tasa ƙafar da gefen hannu.

Ya ce ta fara cin abinci. Ta ce a gaya wa tsohuwa ta yi alkawari ba ta cika ba. Za su zauna can sai wurin ya rufe, ya zo ɗaukar hatsi ne ya koma. Na tambayi Zuwaira. Ya ce tana gaishe ni. Ya faɗa yana kallon bango.

Laraba, kafin magariba

Ina lazimi da safe na ji motsi a kaina. Na fito na tarar da shi a saman ɗakina da lauje, yana yanke igiyoyin jinka. Maƙwabta sun tara masa ragowar shucinsu, ciyawar jinka, a tsakar gida, wai taimako. Maza biyu-uku na tsaye bakin danga suna ba shi shawara, wannan karon ya matse sosai, ya ninka a wajen tsakiya. Hassana na leƙe ta kan zana.

Yana yaye tsohuwar ciyawar yana jefowa ƙasa. Saman ta yi baƙi da ruwa. Ƙarƙashinta busasshiya ce, rawaya, har ƙamshin rani take yi. Da ya ga haka sai ya riƙa kifa ta, baƙin a sama.

Na matsa jikin bango, daidai inda yake. Na yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

Na ce, "Sauko. Jinkar nan ba ta yoyo."

Bai daina yanka ba. Ya ce, "Na sani, Inna."

Na ce, "Ni ce na..."

Ya ce, "Inna, mutane na kallo. Miƙo mini shucin nan."

Na sunkuya na ɗauki dami. Na miƙa masa.